Yadda Na Dasa Bado a Tsakar Gida

Muna yara a Haɗeja, ba mu ɗauki bado a bakin komai ba. Mu faɗa fadama mu tsinko ƴaƴansa, mu fasa mu ci, mu koma gida da laka har gwiwa a sha duka. Yau wurare da dama da na sani da bado doguwar ciyawar ruwan nan kacala ta cinye su, tun da madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka sauya yadda ruwa ke zuwa ya janye. Shi ya sa bara na ce sai na ga bado a gidana.

Karon farko ɓarna na yi. Na tono saiwa biyu, na sa a robar wanki da yashi, na ajiye ƙarƙashin darbejiya wai kada rana ta ƙona shi. Kwana goma ganye ya yi rawaya ya ruɓe. Wani tsohon masunci da na kai wa kuka dariya ya yi: "Ɗana, ka taɓa ganin bado a inuwa? Kuma yashi me zai ci a ciki?"

Sai na yanka duro gida biyu, na zuba baƙar lakar fadama kamar taƙi ɗaya, na binne saiwar amma na bar kanta a waje, na kai inda rana ke duka tun safe. Ruwa kaɗan na fara sawa, ganye na tasowa ina ƙarawa, a hankali ta gefe, don bado ba ya son a dama masa ruwa. Zumuɗi ya sa na watsa kashin kaji, ruwan ya koma kore shar da gansakuka, dole na kwashe rabi. Kainuwa kuwa, dashen Allah, ban san ta biyo lakar ba sai da ta nemi rufe duron. Duk Juma'a nake tsame ta. Maiɗakina ta yi ƙorafin sauro, na kawo ƴan ƙananan karfasa, magana ta mutu.

Furen farko da dare ya buɗe, fari tas, na haska shi da tocilan na taso yara. Kafin hantsi ya rufe. Da rani ganyen ya ƙare ƙaf, na kusa kifar da duron, sai na laluba lakar na ji saiwar da ƙarfinta. Na bar ta. Ruwan farko na bana, ga jan ganye uku sun leƙo.