Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Yadda Ake Ɗaukar Siffar Tsohon Takalmi

A makon jiya mun tsaya a inda na bar sassaƙa fuskokin mutane na koma kan kayan da suka bari. Yau aikin kansa za mu duba, da takalmi: yadda ake ɗaukar siffarsa don a zuba ta da tagulla.

Akwai dalilin da ya sa masu wannan sana'a ke yawan komawa ga takalmi. A bakin kogin Danub a Budafes, babban birnin ƙasar Hungary, an kafa takalman ƙarfe ƙafa 60 a 2005, don tunawa da Yahudawan da aka sa su cire takalma kafin a harbe su a 1944 da 1945. Ba a zana fuska ko ɗaya ba. Lanƙwasar fata da cinyewar dunduniya su ke nuna cewa mutum ya taɓa tsayawa a ciki, kuma su ne abin da sabon shiga ke fara gogewa wai yana gyara. Kada a wanke takalmin, kada a miƙar da shi. A kakkaɓe ƙura kawai.

Fata tana shan ruwa, don haka sai an shafe ta da kakin zuma sirara-sirara, in ba haka ba silikon, wato robar ruwa da ake shafawa don ɗaukar siffa, zai kama ta, wajen ɓarewa ya yage. A cusa yumɓu a cikin takalmin don kada ya lotsa. A nan ake yawan asara: yumɓun da ke da farar wuta yana hana silikon mai filatinam daskarewa, gobe ka tarar da shi yana danƙo. A gwada a ɗan wuri tukuna.

Shafin silikon na farko da burushi ake yi, siriri ƙwarai, domin shi ke ɗaukar ɗinki da tsagar fata. In ya yi kauri, iska ta maƙale ta bar ramuka. Sai a ƙara shafi uku ko huɗu har kaurin ya kai kusan milimita 6. A bayansa a yi ɓawon filasta gida biyu da zai riƙe mazubin. Awo: filasta 100, ruwa 70, da nauyi. Garin ake barbaɗawa cikin ruwa, ba ruwa ake zuba wa gari ba, don kada ya yi gudaji. Cikin minti 20 zuwa 30 zai yi ɗumi ya kama.

Daga nan a cire takalmin, a zuba narkakken kaki a cikin mazubin, a juya shi, a tsiyaye, a maimaita har ya kai milimita 4 zuwa 5. In ya fi haka, tagullar da za ta maye gurbin kakin za ta yi nauyin banza, kuma ta tsuke ba daidai ba wajen hucewa. Ni ban yarda a goge alamar ɗinkin da ya tsinke a jikin kakin ba, ko da mai aikin ya roƙa.

Mako mai zuwa: hanyoyin iska da zubin tagulla a zafin da ya haura digiri 1,100.