Gorar Moso: Tsiron da Ake Ci, Sandar da Ake Sarrafawa

Ƙaramin kamfanina yana birnin Yiwu, a lardin Zhejiang na ƙasar Sin, kuma aikinmu shi ne haɗa kayan gora, musamman tsinken tsire da tsinken sakace, mu yi lodinsu a tashar jiragen ruwa ta Ningbo zuwa Legas da Kwatano. Gorar da ake sarrafa mana ita ce moso, wadda yawancinta ke fitowa daga gundumar Anji, inda ta lulluɓe tsaunuka baki ɗaya. Ta bambanta da gorar da muka sani a gida, wadda ke tashi curi guda, domin ita moso saiwarta tafiya take yi a ƙarƙashin ƙasa tana fitar da sanduna ɗaya bayan ɗaya, kuma tana son ruwan sama mai yawa da sanyin hunturu na gaske. Shi ya sa duk wanda ya nemi in kawo masa irinta ya dasa a Kano nake ba shi haƙuri.

Abin da ɗan kasuwa ya kamata ya gane shi ne, ingancin tsinke tun daga gona ake yanke shi. A watan Maris da Afrilu tsiro ke fasa ƙasa, kuma a nan manomi yake zaɓen wanda zai haƙa domin ci da wanda zai bari ya zama sanda. Wanda aka bari yakan ƙara kusan mita guda a yini idan yanayi ya yi kyau, kuma cikin kamar wata biyu ya kai iyakar tsawonsa, wanda kan kai mita 20. Daga nan ba ya ƙara tsawo ko kauri, sai dai jikinsa ya yi ta ƙarfi shekara bayan shekara. Don haka manoman da nake hulɗa da su suke rubuta shekarar fitowar kowace sanda a jikinta da baƙin tawada, ba sa sara sai ta kai shekara 4 zuwa 6. Sandar da aka sara tana ɗanya takan ba da tsinke mai lanƙwashewa, wanda ke tsagewa a hannun mai tsire tun kafin nama ya hau wuta. Lokacin saran ma yana da muhimmanci, domin wadda aka sara da hunturu ba ta da zaƙi sosai a jiki, saboda haka ƙwaro da fumfuna ba sa saurin kama ta, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga kayan da za su shafe fiye da wata guda cikin kwantena a kan teku.

Tsiron kuwa abinci ne mai daraja a wurinsu. Mafi tsada shi ne na hunturu, wanda bai fito fili ba tukuna, sai gwanin manomi ya lura da ɗan kumburi ko tsagewar ƙasa, ya sa fartanya a hankali ya ciro shi ba tare da ya ji wa saiwar rauni ba. Ana ɓare ɓawonsa, a yanka, a tafasa shi sosai a zubar da ruwan, domin ɗanyensa yana da irin gubar da ke cikin rogo mai ɗaci. Bayan haka a soya shi da nama ko a zuba a miya, wanda ya yi yawa kuma a busar ko a jiƙa da gishiri. Ni da kaza nake dafa shi, kuma ƙurus-ƙurus ɗinsa ba ya tafiya komai daɗewarsa a wuta.

Sana'ar tana da wahalarta. Wannan gora takan yi tsiro da yawa a shekara guda, ta rage a mai bi mata, farashi kuma yana bin wannan juyi. Dusar ƙanƙara tana karya sanduna, shi ya sa manoma ke datse kawunansu da kaka su sayar wa masu yin tsintsiya. A namu ɓangaren, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya sa tsinken sakace cikin kayayyaki 41 da ya hana wa canjin kuɗin waje a farashin gwamnati a 2015, tilas muka karkata ga tsinken tsire. A yanzu ina karɓar odar abokan ciniki tun watan Oktoba, domin a sara a Disamba, a busar da kyau, a yi lodi kafin damshin bazarar Zhejiang ya sauka.