Addu'ar da Ta Riƙe Aikin Bishara, daga Legas zuwa Patigi

A watan Disamba na 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar kai bishara cikin ƙasar da Turawa ke kira Sudan a wancan zamani, wadda ta haɗa da ƙasar Hausa. Babu wata babbar ƙungiyar mishan da ta ɗauki nauyinsu, kuma waɗanda suka riga su zama a bakin teku sun gaya musu ƙarara cewa tafiyar ba za ta yiwu ba. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, Bingham kuwa zazzaɓi ya kwantar da shi a Legas, daga baya ya koma Kanada shi kaɗai. Ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya sake mayar da shi gida. Sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi, a bakin kogin Kwara.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan tarihi shi ne shekarun da ke tsakani, domin a cikinsu babu majami'a, babu makaranta, babu wani rahoto mai daɗi da za a karanta wa masu ba da taimako. Kaburbura biyu ne kawai. Da lissafin riba da asara aka bi, da an rufe maganar tun a 1895. Amma akwai mutane irin su Margaret Gowans a Toronto, mahaifiyar Walter, wadda ita ce ta fara ɗora wa Bingham nauyin wannan ƙasa, kuma mutuwar ɗanta ba ta sa ta daina roƙon Allah a kanta ba. Ba mamaki ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) da ta fito daga wannan tafiya ta riƙi addu'a a matsayin takenta har yau, kuma daga aikinta ne ikkilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954.

Littafi Mai Tsarki ma haka ya nuna tushen aikin. A Ayyukan Manzanni sura 13, ikkilisiyar Antakiya tana cikin sujada da azumi ne aka ce ta keɓe Barnaba da Shawulu, kuma sai da ta sake yin azumi da addu'a kafin ta ɗora musu hannu ta sallame su. Bulus kansa, wato Shawulun nan, duk da iliminsa da ƙarfin halinsa, ya roƙi Kolosiyawa su yi masa addu'a Allah ya buɗe ƙofa, ya kuma roƙi Afisawa su roƙa masa gaba gaɗin yin magana. Idan manzo irin wannan bai ga ya wuce neman addu'a ba, ina ga mai bishara da aka tura wani ƙauye da babur ɗaya da mata da 'ya'ya?

A nan ne nake da ƙorafi a kan yadda muke yi a yau. Ranar da za a aiki mai bishara, majami'a takan cika, a yi waƙa, a ɗora hannu, a karɓi baiko na musamman. Bayan wata shida kuwa, da wuya ka sami dattijo ɗaya da zai iya faɗa maka sunan ƙauyen da aka tura shi. Addu'armu takan koma jumla guda a ƙarshen sujada, wato Allah ya taimaki masu bishara a duk inda suke. Ba na cewa Allah ba ya jin wannan, amma ita ce addu'ar da ba ta ɗora wa mai yin ta nauyin kome.

Zumuntar mata ta fi mu gane wannan, a ganina. Na taɓa zama a bayan majami'a ana karanta musu wasiƙar wani mai bishara, wanda ya rubuta cewa rijiyar ƙauyen ta ƙafe, matarsa tana da juna biyu kuma asibiti yana da nisa, sannan mai unguwa bai amince a ba su fili ba tukuna. Matan suka ɗauki waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, suna ambatar sunan mutumin da na matarsa, har da mai unguwar, wanda suka roƙa masa lafiya da albarka. Da aka ce amin, wata tsohuwa ta kwance bakin zanenta ta ajiye kuɗi a kan benci, saura suka bi, a makon nan aka aika masara da kuɗin mota. Wanda ya san abin da yake roƙo a kai, da wuya hannunsa ya kasa motsi.

Saboda haka shawarar da nake ba kowace ikkilisiya da ke tallafa wa wani a filin bishara, ko ta hannun EMS, wato sashen aika masu bishara na ECWA, ko ta wata hanya, ita ce a naɗa mutum guda wanda zai riƙa kiran mai bisharar a waya kowane wata, ya kawo labarinsa taron addu'a na tsakiyar mako, har da watannin da babu wanda ya karɓi saƙon bishara.