Yadda Ake Kama Hasken Gama daga Doron Ƙasa

Duk lokacin da hazon hunturu ya rufe sararin Kaduna har taurari suka ɓace, nakan tuna da wahalar da masana sararin samaniya ke sha wajen kama hasken gama, wato hasken da ya fi kowane iri ƙarfi, wanda ke fitowa daga wurare irin su ragowar taurarin da suka fashe. Wannan haske ba ya isowa ƙasa, domin da zarar ya shigo iskar da ke kewaye da duniya sai ya tarwatse ya zama yayyafin ƙananan ƙwayoyi, su kuma su saki wata shuɗiyar walƙiya da ake kira hasken Cherenkov, wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba.

Na'urorin hangen nesa masu manyan madubai ne ke kama wannan walƙiya. Da irinsu aka fara gano hasken gama mai tsananin ƙarfi daga Crab Nebula, wato ragowar wani tauraro da ya fashe, a jihar Arizona ta Amurka a 1989, kuma tun 2002 cibiyar H.E.S.S. ke wannan aiki a Namibiya, abin da ke faranta mini rai kasancewarsa a nahiyarmu. Ganin waɗannan na'urori masu madubai yana da kaifi ƙwarai, amma ɗan yanki kaɗan na sama suke kallo, kuma sai a dare mai duhu, babu gajimare, babu farin wata. Da a Kaduna aka kafa su, damina da hunturu za su cinye musu yawancin shekara.

Shi ya sa nake ganin na'urorin da ake shimfiɗawa a ƙasa ba su samu yabon da ya kamace su ba. Cibiyar HAWC ta Meziko tana da tankunan ruwa 300 a kan dutse mai tsayin mita 4,100, inda ƙwayoyin kansu ke faɗawa cikin ruwan su haskaka, dare da rana, ko da ana ruwan sama. Irin waɗannan na'urori su ne masu gadi, kuma idan suka hango wani abu, madubai ne ke tantance ainihin inda ya fito.

A ranar 9 ga Oktoba, 2022, fashewar hasken gama mafi haske da aka taɓa gani ta iso duniya. Cibiyar LHAASO ta ƙasar Sin, wadda ke da na'urorin ƙasa a tsayin mita 4,410, ta kama ta nan take, alhali H.E.S.S. ba ta iya juya madubanta wajen ba sai bayan fiye da kwana biyu, saboda wata ya cika a daren.