Rubutun bayan kwalba ya zauna a ƙarshe

Jama'a, kwalbar turaren nan da ta hana ni barci dare huɗu wajen haɗa hotonta a kwamfuta ta saduda jiya. Har yanzu ina buɗe hoton ina murmushi ni kaɗai.

Abin da na so ba wani babba ba ne: kwalba mai zagaye a tsakiya, bango ruwan ɗorawa, ƙatuwar da'ira ja a baya, sai kalma ɗaya da manyan haruffa ta ratsa ta bayan kwalbar. Yanke kwalbar da alƙalamin Photoshop, manhajar gyaran hoto, bai kai minti 20 ba. Gilashin ne ya zame mini ƙarfen ƙafa.

Da farko na rage ƙarfin leyar kwalbar (leya ita ce shimfiɗar hoto da ake ɗorawa a kan wata) zuwa kashi 60 don rubutun ya bayyana ta ciki. Sai ta koma kamar fatalwa, har da murfi da tambari. Na dawo na goge cikinta kawai, na bar gefuna. Haruffan suka wuce ta ciki samɓal, kamar babu komai a gabansu. Ba ka iya nuna kuskuren da yatsa, amma da ganin hoton ka san ƙarya ne. Na lanƙwasa rubutun, na kumbura shi, na ja shi nan da can. Har wani ƙunshin inuwoyi da ƙyallin gilashi na saya, waɗanda ake cewa ɗorawa kawai za ka yi. Kuɗin nan har yau yana yi mini ciwo, don haskensu daga dama yake zuwa, nawa daga hagu, da na juya su kuma siffar ba ta dace da kwalbata ba.

A dare na huɗu, cikin haushi, na buga kalmar a takarda na tsayar da ita a bayan kwalbar ta gaske, na durƙusa na leƙa. Ashe duk kwanakin nan ƙirƙira nake yi da ka, alhali amsar tana kan tebur. A inda turare yake, haruffan juyawa suka yi, na hagu ya koma dama. Da na matso da takardar har ta taɓa gilashin, suka daina juyawa, sai dai suka yi ƙiba. A saman kwalbar kuwa, inda iska ce kawai, kusan a miƙe suke, ɗan karkacewa kaɗan a gefe. Dalilin shi ne kwalba mai zagaye in ta cika tana aiki kamar gilashin ƙara girma. Ma'aunin karya haske, wato yadda abu ke karkatar da hasken da ya ratsa shi, na iska kusan 1 ne, na ruwa 1.33, na gilashi wajen 1.5, don haka hasken da ya ratsa ruwan sai ya haɗu a wuri guda ya tsallake juna. Abin da ya wuce wannan wurin nisa, a juye za ka gan shi.

Na sake ɗaukar hoton daga tushe. Na kafe kyamara a kan ƙafarta, na saita fokas da hannu, ban ƙara taɓa ta ba. Hoto ɗaya a farin bango da haske daga baya, wanda ya ba ni baƙaƙen gefuna da launin turaren. Ɗaya a baƙin bango da haske daga gefe, shi ya ba ni ƙyalli. Na farkon na sa shi a maltifulai, wani salon gauraya leyoyi, farin ya ɓace. Na biyun a sikirin, wani salon gaurayar, baƙin ya ɓace. Murfi da tambari, tunda haske ba ya ratsa su, na ware musu tasu leyar a sama ba tare da wani gauraye ba.

Rubutun kuwa kashi uku na yi shi. Na wajen kwalba yana nan yadda yake. Na sashen iska na ɗan lanƙwasa bakinsa. Na cikin turare na juya shi, na miƙa tsakiyarsa, na matse shi sosai wajen gefuna, na ɗan dusashe shi da fiksel 2. Da'irar ma haka na yi mata, ita da na kusa mantawa da ita. Hoton da na ɗauka na takardar a bayan kwalbar yana buɗe a gefe ina kwaikwaya. Wallahi da na kunna leyoyin duka sai da na tashi tsaye.

Inuwa ma ta koya mini hankali. Da baƙa ƙirin nake zana ta da buroshi. Ta gaskiyar tana da wani haske ruwan zuma a tsakiyarta, inda hasken da ya ratsa turaren ya sauka, sai siririn duhu daidai gindin kwalbar. Yanzu ba na zana inuwa, ta hoton nake ɗauka.

Da na tura wa wayata hoton, jan da'irar ya kwanta, ya yi fari-fari. Na fitar da shi ne a tsarin launi na Adobe RGB ba tare da na mayar da shi sRGB, tsarin da aka saba amfani da shi a waya da intanet, ba, kuskuren da na rantse ba zan sake ba. Wannan ya gyaru nan take. Abin da ya rage shi ne shatin yatsana a kafaɗar kwalbar, wanda ban gani ba sai da na zuƙo hoton zuwa kashi 200. Yana cikin hotunan biyu, kuma daidai kan harafin da ya fi kyau ya zauna.