Kuntigi ne ya jefa ni cikin wannan harkar ta iyafis

Ni dai a da in zan sayi iyafis tambaya ɗaya nake wa mai shago: yana da duka? Shi kenan. In yace eh sai ya jona min a wayarsa ya saka wata waƙa mai ganguna ya ƙure murya har ƙarshe, in naji ƙwaƙwalwata na girgiza sai in zaro kuɗi in biya in kama gabana. A Taminus nake saye yawanci, wajen masu teburan kayan waya ɗin nan na bakin titi, kuma ban taɓa riƙe guda ɗaya ya haura wata uku ba. Kullum labarin ɗaya ne, kunne ɗaya ya mutu, sai ka koma kana murɗa igiyar daga wajen fulogi kana laluben inda zai kama, in ya kama ka danne da babban yatsa ka ƙi motsi kamar wanda aka ɗaure.

Haka nake ta yi shekara da shekaru har ranar da na je wajen wani abokina da ke aikin haɗa sauti a wani ɗan sutudiyo ta wajen Bauchi Road. Lokacin hunturu ne, irin sanyin Jos ɗin nan na watan Janairu da ko wanka sai ka yi shawara da zuciyarka, ina zaune ina jiran ya gama aiki mu fita shan shayi, sai ya miƙo min wani tsohon hedifon baƙi yace in sa ko dan kunnena ya ɗumama. Soson duk ya ɓaɓɓare yana zubar da baƙin gari a wuyan riga, igiyarsa kuma a nannaɗe irin ta tarhon ofis na da. Nace masa haba malam, duk kuɗin da kake samu wannan tsumman kake sawa? Dariya kawai yayi. Sony MDR-7506 ne ashe, wanda tun 1991 ake ƙera shi kuma har yau in ka shiga gidajen rediyo da sutudiyo a duniya za ka ganshi rataye.

Abin da ya kunna min kiɗan kuntigi ne na marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. To ni ɗan garin nan ne, na taso ina jin wannan kiɗan a rediyon Baba, na ɗauka na san shi ciki da bai. Wallahi ashe ban taɓa jinsa ba. Kuntigi fa abu ne ɗan ƙarami, tsirkiya ɗaya tal, jikinsa gwangwanin kifi ne aka rufe da fatar akuya, babu wani duka a cikinsa da zai girgiza ka, duk daɗinsa yana can sama ne a kaifin tsirkiyar da yadda take amsa wa murya. A iyafis ɗina na Taminus abin yana fitowa ne kamar ana kaɗa shi a ɗaki na uku an rufe ƙofa. A wannan tsumman kuwa har bugun tsirkiyar nake ji ɗaya bayan ɗaya, har inda mawaƙin ke jan numfashi kafin ya ɗauko baiti na gaba. Na cire na dubi abokina, yace ya dai? Nace maimaita min daga farko.

Shayin da ba mu sha ba kenan ranar.

Shi ya fara min bayani, ragowar kuma na bi dare ina karantawa har data ta ƙare. Abin da ke cikin mafi yawan iyafis ba wani sihiri bane, maganaɗisu ne da zaren tagulla a naɗe da wata 'yar fata siririya da ke rawa tana tura iska cikin kunne. Kunnen ɗan adam mai lafiya yana ji daga wajen 20 zuwa 20,000 na abin da ake kira haz, wato yawan girgiza a daƙiƙa ɗaya, ƙasa can shi ne bes ɗin da muke kira duka, tsakiya nan muryar mutum take, sama kuma kaifi. Masu ƙera na arha sun san mai saye minti ɗaya zai gwada a tsakiyar hayaniyar kasuwa, dan haka sai su cika bes har ya yi ambaliya ya danne tsakiyar. Kaga kenan shekarun nan duk abin da nake biya wa kuɗi shi ne yake cinye min muryar mawaƙin. Ba wai bes laifi bane fa, har yanzu ina son in ji ganga ta sauka da nauyinta, amma akwai bambanci tsakanin tuwo da miya da kuma miyar da ta shanye tuwon.

Kuɗin irin na abokina ba na aljihuna bane lokacin, sai ya nuna min wata hanya, ƙananan na cusawa a kunne da kamfanonin China irin su KZ da Moondrop da 7Hz suke yi, wasu a wajen dala 20. Ana lanƙwasa igiyarsu ta bayan kunne irin yadda mawaƙa ke sawa a kan dandamali. Abin da ya fi jan hankalina ma ba sautin bane da farko, igiyar ce, ana cire ta. Wasu 'yan ƙarafa biyu ne ke shiga jikin kan, in igiya ta mutu ka zare ka sa wata, ba sai ka jefar da komai ba. Wanda ya binne iyafis sun fi ashirin saboda kunne ɗaya shi zai gane abin da nake nufi.

Na yi oda, na jira sati uku da wani abu ina duba waya kamar mai jiran sakamakon jarrabawa, ya iso, na buɗe kwali hannuna har rawa yake, na sa a kunne na kunna, sai naji sauti siriri kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Babu nauyi ko kaɗan. Raina ya ɓaci, na kira abokina nace kai ka sa na yi asara. Yace robar da ke kai wace ce? Nace wacce tazo da shi mana. Yace duba cikin kwalin akwai wasu a 'yar leda, sa babbar. Na sa babbar, ta toshe kunnen ruf har na daina jin janaretan maƙwabta sosai, na sake kunnawa, kai! Kamar an canza min kaya. Ashe in robar ba ta like kunne ba iska na zurarewa ta gefe kuma bes ne farkon abin da ke guduwa. Daga baya ma na gano kunnena na hagu ya fi na dama faɗin rami, yanzu babba nake sawa a hagu matsakaiciya a dama. Shekara talatin da wani abu ina yawo da kunnuwan nan ban san ba girmansu ɗaya ba.

To daga nan sai wata matsalar ta ɓullo wadda ba wanda ya gargaɗe ni a kai. Kaya mai kyau ba ya rufa asiri. Waƙoƙin da ke memori ɗina kusan duk daga wajen masu tura waƙa na samo su, ko ta Xender daga wayar wani, wasu kuma an kwafe daga kaset zuwa faifai zuwa MP3 sannan aka tura a WhatsApp aka sake turawa, kowa ya matse ya rage nauyi. A tsohon iyafis duk ɗaya suke. A sabon kuwa sai na fara jin wani shuuu a bayan murya, kaifin yana fashewa kamar ana murza leda. Faifan CD yana ɗauke da 1,411 kilobit a daƙiƙa, wato ma'aunin yawan bayanan sautin da ke cikin fayil, MP3 mai kyau 320, nawa da yawa 128 ne wasu ma 64. Akwai FLAC da ke rage nauyin fayil ba tare da zubar da komai ba, amma tsakani da Allah na zauna na gwada shi da 320 ido a rufe ƙanina yana canza min, ban iya rarrabewa ba, cankar da nake yi rabi daidai rabi kuskure. Tsakanin 64 da 320 kuwa ko kurma ya ji. Abin da ya fi damuna shi ne tsofaffin kiɗanmu, kalangu da kukuma da garaya, da yawa mummunan kwafin ne kawai ke yawo a hannun mutane, kuma ba iyafis ɗin da zai dawo da abin da aka riga aka zubar.

Sai maganar ramin jonawa. Tun da Apple suka cire ramin iyafis ɗin nan mai milimita 3.5 a iPhone 7 a 2016 wasu kamfanoni suka bi sahu, ko da yake wayoyin da muka fi riƙewa a nan irin su Tecno da Infinix da yawansu har yanzu suna da shi. Da na canza waya sabuwar ba ta da shi, sai na sayi ɗan dongul ɗin nan da ake jonawa a ramin caji, ashe shi ma ba igiya bace kawai, akwai ɗan guntun da ke juya lambobi zuwa sauti a cikinsa da ɗan abin ƙara ƙarfi. Ga ƙananan iyafis masu om 16 zuwa 32, wato ma'aunin yadda suke turje wa wutar lantarki, ya isa har ya yi yawa. Manyan irin Sennheiser HD 600 mai om 300 su ne ke son abin da ya fi ƙarfi, kuma shi bayansa a buɗe yake, sauti na fita na waje na shigowa, wanda ya taɓa zama a gidan haya da yara da injin markaɗe a bayan taga ya san ba namu bane wannan, ko da kuɗin.

Na bulutut ina da guda ɗaya kuma ba zan yi ƙarya ba shi na fi sawa in zan fita, dan ba igiyar da za ta maƙale a ƙarfen keke. Sautin sai an matse shi kafin ya bi iska, amma a kan titin Farin Gada da ham ɗin motoci wa zai ji bambancin. Yana da abin kashe hayaniya, 'yan makirfo ne ke sauraren ƙarar waje su fitar da kishiyarta sai su kashe juna, yana aiki sosai a kan gurnanin janareta ko injin mota a hanyar Abuja, amma muryar mutum da ham suna ratsowa abinsu. Abin da na tsana da su batirin ne, ƙarami ne kuma a like, bayan 'yan shekaru ya fara mutuwa shi kenan sai shara. Na farkon da na saya ma jabu ne, kwali fes har da hatimi, mai shagon yana ta rantsuwa, sati biyu na dama ya daina caji.

Akwai surutu da yawa a harkar nan da ni ban yarda da su ba, masu cewa sai ka bar sabon iyafis yana kiɗa awa ɗari kafin ya nuna, ko igiyar azurfa ta fi ta tagulla daɗin murya. Ni a ganina kunnenka ne ke sabawa. Wanda na ɗauka da gaske shi ne maganar ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya tace babba zai iya jin desibel 80, wato ma'aunin ƙarfin ƙara, na awa 40 a sati lafiya, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu, sannan 'yan gashin da ke can cikin kunne masu ɗaukar sauti in sun mutu ba sa tsirowa. Na tuna yadda nake ƙure murya a keke dan in danne ƙarar titi, in sauka kunnena yana ƙiii, na ɗauka ba komai bane. Yanzu da robar ke toshe kunne da kyau ko rabi ba na kaiwa.

Madam dai har yau ba ta gane ba. Ranar da ta buɗe durowa ta ga guda huɗu a jere tace Baban yara, kunnuwa nawa Allah ya ba ka ne? Na fara mata bayanin wannan na karatu ne da wa'azi dan yana fito da murya, wannan na tafiya, wannan kuma, tace ya isa, kuɗin gas ɗin dai. Da gaskiyarta. Akwai wani da nake ta zagayawa a intanet wata biyu kenan, in sa a kwando in cire.

Ran Juma'ar da ta wuce bayan an sauko daga masallaci na biya gida Gangare da hedifon ɗin abokina da na aro, na samo kwafin kuntigin nan mafi tsafta da zan iya, dan ina so Baba ya ji. Ya cire hula na ɗora masa a kai, ya rufe ido yana gyaɗa kai a hankali har ta ƙare, ni kuma na tsugunna gefe ina jiran yabo. Ya cire ya juya shi a hannu yana duba soson da ya ɓaɓɓare. Nace Baba ya kaji? Yace ba laifi, amma shi da ya sha zama a gaban makaɗa a gidan biki, kuntigi ya fi haka tsiwa, yana shiga har haƙori. Sai ya tambaye ni ko abin nan zai shiga rediyonsa, dan Hajiya na ƙorafin yana tashinta da labaran asuba. Na duba gefen rediyon, akwai ramin. Har yanzu ban san me zan ce wa abokina ba.