Kafin ku ɗauko mai kula da tsoho a gida a Zariya

Yawanci maganar takan taso ne ranar da aka sallamo Baba daga asibitin Shika da shanyewar ɓarin jiki, ko Hajiya ta zame a banɗaki ƙashin kwatangwalo ya karye. 'Ya'ya maza suna Kaduna da Abuja, matan suna gidajen aurensu, wadda ke gida kuma ga goyo ga girki. Dangi ba za su rasa gori ba, wai an ɗauko bare ya yi jinyar uwa. Ku bar su da gorinsu, gyambon kwanciya ba ya jiran a gama taron dangi.

Kafin ku kira kowane kamfani, ku zauna ku rubuta aikin. Tsohon da ke tashi da kansa, abin da yake buƙata wanka ne da abinci da mai ɗebe masa kewa, mai kula na yau da kullum ya ishe shi. Wanda ke kwance da robar fitsari, ko robar abinci ta hanci, ko ciwon da ake wankewa, wannan sai nas. Nan ake yawan cutar mutane, domin a Zariya duk wadda ta sa farin kaya "nas" ake ce mata. Nas ta gaskiya tana da lasisin Hukumar Nas-nas da Ungozoma ta Najeriya, wato NMCN. Ma'aikacin lafiya na al'umma, wanda ake kira CHEW, hukumarsa daban ce, aikinsa ma yana da iyaka. Ku ce a nuna muku lasisin, ku duba suna da hoto da ranar da zai ƙare. Gashin ɓarin da ya shanye kuwa aikin likitan gashin ƙashi ne, kada kamfani ya ce mai kula za ta haɗa da shi.

Lambar rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, tana nuna cewa kasuwancin yana da rajista, iyakarta ke nan. Ku taka zuwa ofishin da ƙafarku. Idan yana Kaduna, tafiyar kusan kilomita 80, ku tambaya: wa ke zuwa duba ma'aikaciyar a Zariya, sau nawa a wata? Ran da ta kwana da zazzaɓi, wa zai maye gurbinta, cikin awa nawa? Kamfanin da ya yi ta kame-kame a kan wannan tambaya dillali ne kawai, ya haɗa ku ya karɓi la'adarsa. Ku nemi lambar gidaje biyu da suka yi wa aiki, da sanin wanda ya tsaya wa ma'aikaciyar da unguwar da take zaune. Wadda ke Samaru aka tura ta Kwarbai kullum, kuɗin mota da cunkoson hanya za su sa ta fara makara tun makon farko.

Kamfani dai ba shi zai yi jinyar ba, wadda ya aiko ce. Saboda haka ku gwada ta a gaban gadon. Ku ce ta juya Baba ku gani. Wadda ta iya za ta lanƙwasa masa gwiwa, ta riƙe kafaɗa da kwatangwalo ta mirgino shi wajenta, ta sa matashi a baya da tsakanin gwiwoyi, ta ɗaga diddige kada ya taɓa katifa. Wadda ta kama hannun da ya shanye ta ja, a nan gwajin ya ƙare, domin haka ake gocar da kafaɗa. Ku tambaye ta bayan awa nawa ake juyawa. Amsar ita ce duk awa biyu, har da dare. Ku tambaye ta ina gyambo ke fara fitowa: ƙasan baya, kwatangwalo, diddige, idon sawu. Farkonsa wuri ne da ya canza launi ko ya yi ɗumi, kuma a baƙar fata yana da wuyar gani, sai an haska an taɓa.

Ciyarwa ma haka. Mai shanyewar jiki a zaune ake ba shi, da ƙaramin cokali, a bar shi a zaune aƙalla minti 30 bayan ya gama. Idan yana tari ko muryarsa ta koma kamar da ruwa a maƙogwaro, a tsaya a gaya wa likita. Ɗura koko a kwance shi ke tura abinci cikin huhu, bayan kwana biyu a ga zazzaɓi a ce maleriya ce. In akwai ciwon suga, mai kula ta san cewa awon da ya sauka ƙasa da 70 mg/dL, ga gumi da karkarwa da ruɗewa, na neman abu mai zaƙi nan take muddin yana iya haɗiya. Jakar fitsari kullum ƙasa da mara take zama, ba a ɗora ta kan gado. A zafin Maris da Afrilu kuma tsoho ba ya jin ƙishi kamar yaro, sai an riƙa miƙa masa ruwa.

Akwai abin da takardar kamfani ba ta faɗa. Dattijon cikin ganuwa ba zai yarda mace bare ta yi masa wanka ba, Hajiya ma ba za ta yarda da namiji ba. Ku faɗi wannan tun farko. Ku nemi mai jin Hausa sosai, musamman ga mai gigin tsufa, wanda baƙuwar fuska da baƙon harshe ke ƙara firgita shi. In Musulmi ne, ta san yadda ake taya shi alwala ko taimama, ta juya shi gabas lokacin salla.

Sai kuɗi. Ku tambaya ƙarara nawa ke shiga hannun ma'aikaciyar daga abin da kuke biya. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne, ku auna da shi. Wadda ake ba abin da bai kai ya kawo ba tana neman wani aikin tun tana gidanku. Kada ku yarda mutum ɗaya ya yi dare da rana ga mai kwance. Ba ta yadda za ta juya shi duk awa biyu har asuba sannan ta wuni a tsaye. A raba awa 12 12, ko 'yan gida su riƙe dare. A rubuta komai: ranar hutu, wa ke sayen famfas da safar hannu da auduga, ko aikin ya haɗa da wankin majinyaci, sanarwar kwana nawa kafin a rabu. Girkin gida da shara da aike ba sa ciki, in aka ɗora mata su Baba ne zai biya da fatarsa. Kada kafin alƙalami ya wuce na wata ɗaya, kuma ku nemi gwajin mako biyu.

A ajiye littafi a gefen gado: lokacin magani, awon jini, awon suga, abin da ya ci, bayan gida, lokacin juyawa. Mutum ɗaya daga cikin 'ya'ya ne zai riƙa ba da umarni, ba biyar ba. Katin ATM da takardun fansho da gwala-gwalai su bar ɗakin tun ranar farko, don kare ita kanta ma'aikaciyar daga zargi. A makonnin gwajin ku riƙa faɗowa ba sanarwa, wani lokaci da rana tsaka, wani lokaci bayan isha'i. Ku ɗaga zanin gado ku shinshina, ku duba bayan Baba da diddigensa, ku ƙirga ƙwayoyin da suka rage ku gwada da abin da ke cikin littafin. A jikin bango kuma a manna lambar likitansa, da ta mai mota ko mai adaidaita na unguwa da zai amsa waya ƙarfe biyun dare, a kuma yanke tun yanzu ko asibitin Gambo Sawaba za a nufa ko na Shika.